Takalmin da aka ajiye mini a bakin fili

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa buhun ƙwallaye da usur da makullin ɗakin kaya, bayan shekara shida ina horar da yaran ƙungiyarmu. Waɗanda muka sha rana da ƙurar filin nan tare sun san yadda aka rabu. Wasu ƙannena biyu da suka fara koci a bana sun matsa mini da tambayar me na koya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Da laifina zan fara kafin in taɓo na wani.

Ƙwallon Italiya ce ta raine ni. Kaset ɗin AC Milan ta zamanin koci Arrigo Sacchi na yi ta kallo har ya tsinke. Mutum huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, suna hawa tare suna sauka tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. A tsakiyar wannan sahu akwai Carlo Ancelotti, wanda ya zo daga Roma a 1987 da gwiwoyin da suka riga suka sha wuƙar likita. Ciwon gwiwa ne ya hana shi zuwa Kofin Duniya na 1982, wanda Italiya ta ɗauka, shi ne kuma ya hana shi buga wasan ƙarshe da Roma ta yi da Liverpool a 1984. A Milan ya ɗaga Kofin Turai sau biyu a jere, 1989 da 1990, kuma shi ya fara buɗe ragar Real Madrid daga nesa a daren da aka zazzaga musu 5-0 a San Siro. Da ya daina taka leda a 1992, sai ya bi maigidansa Sacchi ya zama mataimakinsa a tawagar ƙasa.

Karatun Sacchi Ancelotti ya ɗauka ya tafi da shi Reggiana a matsayin koci, ya hau da ita Seriya A a 1996, daga nan sai Parma. A can ya tarar da Gianfranco Zola, ɗan gajeren nan mai lamba 10. Tsarin 4-4-2 ba shi da gurbin mai yawo a bayan 'yan gaba, sai Ancelotti ya tura shi gefe. Shekarar ba ta ƙare ba Zola ya koma Chelsea, kuma a kakarsa ta farko marubuta wasanni na Ingila suka zaɓe shi gwarzon shekara. A 1997 Roberto Baggio ya so zuwa Parma, yana neman a bar shi a bayan 'yan gaba, inda ya fi ƙwarewa. Ancelotti ya nuna masa ba shi da wannan gurbi. Baggio ya wuce Bologna, ya ci ƙwallo 22 a kakar nan, aka kira shi Kofin Duniya na 1998 a Faransa. Ancelotti da bakinsa ya sha faɗa cewa kuskure ya yi.

Na san wannan labari sarai tun kafin in riƙe usur, na sha ba da shi a gidan kallo. Duk da haka sai da na maimaita shi.

A shekarata ta uku aka kawo mini wani yaro ɗan shekara goma sha biyar, siriri, da hagu yake bugawa. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga sau biyu, ya san inda zai aika ta. Abin da ba ya yi shi ne komowa baya idan an ƙwace, ni kuma sahuna ba ya ɗaukar mai tsayawa. Na kai shi gefen hagu na ce ya riƙa hawa yana sauka. Numfashinsa bai kai ba. Sai daga baya na ji cewa daga wajen walda yake wucewa atisaye, sau da yawa ko abincin rana bai ci ba. A lokacin ban tambaya ba. Na ajiye shi a benci wasa biyar a jere, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kullum amsarsa "To, Koc."

Wata Laraba da la'asar, cikin hunturu, muna gwada tarkon satar gida. Ya bar gefensa ya shigo tsakiya, ya karɓi ƙwallo, ya zura ta tsakanin masu tsaron baya biyu ta wata hanya da ni kaina ban hango ba. Yara suka ɗauki tafi. Ni kuwa na busa usur, na ce a gaban kowa, wanda ba zai bi tsarina ba ya nemi wata ƙungiya, filin nan ba na masu nuna gwaninta ba ne. Ya taka zuwa bakin fili ya zauna a ƙasa. Ya kwance takalmin, wanda ni na sayo masa a gwanjo, ya buga su da juna ƙasar ta zube, ya cusa safar a ciki, ya ajiye kusa da jakata. Ya ce, "Na gode, Koc." Ya zura silifas ya bi ta bayan makaranta. Kyaftin ɗina ya matso ya ce a hankali, "Koc, don Allah a kira shi mana." Na ce a ci gaba da atisaye, gobe zai dawo.

Bai dawo ba. Sati biyu ina zuwa fili da takalmin a jakata, girman kai ya hana ni taka ƙafa zuwa gidansu, alhali bai fi tafiyar minti goma ba. Abin da ban lura da shi ba a labarin da nake ta bayarwa shi ne, Zola yana da Chelsea, Baggio yana da Bologna. Yaron unguwa idan kocinsa ya muzanta shi a gaban abokansa, yawanci ƙwallon ce gaba ɗaya yake bari.

Ancelotti ya gyara da wuri. Da ya je Juventus a 1999 ya tarar da Zinedine Zidane, sai ya tanƙwara tsari ya dace da ɗan wasa. A Milan, daga 2001, ya zaunar da Andrea Pirlo a gaban masu tsaron baya, yadda Carlo Mazzone ya fara gwada shi a Brescia, ya kuma nema wa Seedorf da Rui Costa gurbi, daga baya har da Kaká, mutanen da wani koci zai ce ba sa zama fili ɗaya. Da su ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2003, ya sake ɗauka a 2007. Ni ma na rushe nawa tsarin, sai dai bayan shekara guda da tafiyar yaron. Shekaru biyun ƙarshe da lamba 10 a sake muka yi wasa, kuma duka biyun mun kai wasan ƙarshe a gasar da a da ko rukuni ba ma tsallakewa. Yara huɗu daga hannuna yau da ƙwallo suke ciyar da iyayensu.

Duka wasannin ƙarshen mun faɗi, na biyun a bugun fenareti. Washegari saƙon mai ƙungiya ya shigo wayata, layi biyu, cewa in miƙa kaya. Mutumin da shekara shida bai taɓa tsayawa ya ga atisaye ɗaya ba, sai dai a hutun rabin lokaci ya aiko direba da sunan ɗan abokinsa a ce a saka shi. Alawus ɗina na wata huɗu har yau yana hannunsa. Na sani Juventus ta sallami Ancelotti a 2001 bayan ya zo na biyu sau biyu a jere, Chelsea ta sallame shi a 2011 shekara ɗaya bayan ya ba ta kofin Firimiya da na FA, Napoli kuma a 2019 ta sallame shi a daren da ya doke Genk 4-0. Sanin haka ya ɗan sanyaya mini rai, amma shi kwantiraginsa a rubuce yake, ni da baki muka yi, a kan tabarma, da "ai mu 'yan uwa ne, Malam." Ƙannena, duk wanda ya ce muku haka, ku ce a kawo takarda da shaidu biyu.

Sauran ba su da tsawo. Kafin ka yi wa yaro tsawa, tambaye shi ya ci abinci. Ka san ƙofar gidan kowane ɗan wasanka, ka san mahaifinsa. Gyara a keɓe ake yi. Kuma kada ka bar yara su fara murna a hutun rabin lokaci, domin Milan na gaba da 3-0 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Santambul a 2005, Liverpool ta farke duka cikin minti shida ta kuma tafi da kofin.

Da na fito daga ɗakin kaya ranar Asabar, ban wuce gida ba. Na nufi wajen waldar da takalmin a leda. Ya zama saurayi, kafaɗa ta buɗe, yana tsugune yana haɗa ƙyauren wata ƙofa. Ya ɗaga baƙin gilashin ya miƙe da sauri. "Koc, sannu da zuwa. Lafiya dai?" Na ce na zo neman gafara ne, abin da na yi masa ranar nan ba daidai ba ne, kuma fasin da ya bayar daidai ne. Ya yi shiru yana goge hannu a wando, sannan ya ce, "Wallahi ba komai, Koc, ya wuce." Na tambaye shi ko yana bugawa. Ya ce rabonsa da fili tun ranar. Ya juya takalmin a hannunsa, ya gwada tsawonsa da ƙafarsa, ya yi masa kaɗan. Ya ce zai kai wa ƙanensa, shi ma da hagu yake bugawa.