Daga Kano zuwa Umuahia, wajen hafsoshin Biyafara

Harkar shanu ce ta kai ni kasuwar Lokpanta, kan babban titin Inugu zuwa Fatakwal. Da ciniki ya faɗa, sai na ce ba zan koma Kano ba sai na leƙa gidan tarihin yaƙi na Umuahia, tun da tafiyar ba ta da nisa. A hanyar zuwa daga Kano mun bi ta Makurɗi da Otukpo da Obollo Afor, yankin da aka fara gwabza yaƙin basasa a Yulin 1967, amma yanzu babu abin da za ka gani sai masu manja da ayaba suna tare mota.

An kafa gidan tarihin a 1985. A fili akwai jiragen sama, da jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, da motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannu, da nakiyarsu mai suna Ogbunigwe. Ban daɗe a nan ba. Abin da ya riƙe ni shi ne ramin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Biyafara ya yi aiki, domin a matakalarsa an jera hotunan manyan ɓangarorin biyu, kowa na kallon ɗan uwansa.

Ojukwu na fara ganewa. A Zungeru aka haife shi a 1933, ya yi karatun tarihi a Oxford, ya shiga soja a 1957, kuma shi ne kwamandan Bataliya ta Biyar a Kano lokacin juyin mulkin Janairun 1966. Wato mutumin da ya ja Gabas ta ɓalle ya sha ruwan Kano kafin nan.

Sunan Chukwuma Kaduna Nzeogwu kuwa ba ya wuce kunnen ɗan Arewa salin-alin, shi ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna. Bai daɗe a yaƙin ba, an kashe shi kusa da Nsukka a ƙarshen Yulin 1967, aka kai gawarsa Kaduna aka binne da girmamawar soja. Har yau wannan karramawar ba ta kwanta mini a rai ba.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini shi ne Victor Banjo. Bayarabe ne, injiniyan soja, an tsare shi bayan juyin mulkin farko, Ojukwu ya sake shi ya damƙa masa runduna. Ran 9 ga Agusta 1967 ya tsallaka kogin Kwara ya kama Benin kusan ba harbi, dakarunsa suka kai har Ore a hanyar Legas. Sai ya yi jinkiri. Wannan jinkiri ya ba Murtala Muhammed damar haɗa Runduna ta Biyu ya kore su, ya ƙwace Benin a Satumba. A watan nan aka harbe Banjo a Inugu bisa zargin cin amana, tare da Emmanuel Ifeajuna da wasu biyu. Na tambayi mai yi mana jagora ko ya yarda Banjo maci amana ne, sai ya ɗaga kafaɗa ya wuce hoto na gaba.

A kan garin Abagana ne bakin jagoran ya buɗe. Can ne a ƙarshen Maris 1968 mutanen Manjo Jonathan Uchendu na Biyafara suka yi wa ayarin motocin Murtala kwanton ɓauna a hanyar Onitsha, tankar mai ta kama da wuta, ayarin ya ƙone.

Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ɗan ƙabilar Ibibio, shi aka bar wa kaya da Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa. Shi ya yi shelar ajiye makamai a rediyo ran 12 ga Janairu 1970, ran 15 ya miƙa wuya gaban Gowon a barikin Dodan. A ganina ya fi su duka ƙarfin hali, ko da yake ba a cika jin sunansa ba.

La'asar ta yi ina cikin ramin, na fito na tari Keke Napep zuwa unguwar Hausawa don in sami masallaci.