Silin zare a ɗakin gwajin kayan shaida

Da salatif nake fara aikin. Idan aka kawo riga ko murfin kujerar mota, sai in bi jikinsa ina liƙawa ina ɗagawa, in kwashe duk silin zaren da ya maƙale. Kayan wanda ake zargi da na wanda aka cuta ba na buɗe su a ɗaki ɗaya, don kada zare ya yi ƙaura a hannuna. Tushen aikin shi ne ƙa'idar Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a Liyon ta Faransa a 1910: abu biyu ba sa gogar juna su rabu ba tare da ɗaya ya bar wa ɗaya wani abu ba.

Sababbin ma'aikata sukan ɗoki na'urar infared, mai gane irin zare ta yadda yake shan wani haske da ido ba ya gani, amma ni madubin ƙara girma nake ba wa yawancin lokacina. A nan nake ganin launi da kauri, da ɗige-ɗigen farar hodar sinadarin titaniyom da masu yin zaren ke zubawa don rage sheƙi. In na yanka silin a gicciye, zaren kafet yakan fito da kunnuwa uku, wani akirilik (zaren roba mai kama da ulu) kuma kamar ƙwayar wake. A ƙarƙashin hasken da aka tace, foliyesta yakan ba da launuka masu ƙarfi, akirilik kuwa dishi-dishi. Sili da yawa a nan suke faɗuwa, wato su ƙi dacewa da zaren kayan da nake kwatanta su da shi, tun ba a kunna na'ura ba.

Silin da ya tsallake, shi nake daddannawa ya yi faɗi, in aika masa hasken infared. A zanen da na'urar ke fitarwa, foliyesta yana shan hasken sosai a wajen lamba 1715, nailan a 1640 da 1540, akirilik kuma yana da tsini a wajen 2240 wanda ba ya ɓuya. Sai dai na'urar ba ta cika faɗin komai game da rini ba. Nailan 6 da nailan 6,6 kuma zanensu ya yi kama, don haka nakan narka ɗan guntu: na farko yana narkewa a kusan digiri 220, na biyu sai wajen 260.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake karanta sakamakon. A shari'ar kisan kai da aka yi wa Wayne Williams a Atlanta ta Amurka a 1982, shaidar zaren ta yi nauyi ne saboda nailan ɗin koren kafet ɗin gidansa ba kasafai ake samun irinsa ba. Mu kuwa a nan, yadi ɗaya daga Kantin Kwari sai ya zama ankon biki, dangi da ƙawaye kowa ya ɗinka. Shi ya sa a rahotona nake rubuta cewa silin zai iya fitowa daga wannan riga, ko daga wata mai irin yadinta. Ko mai gabatar da ƙara ya matsa in ce daga ita ya fito, ba na ƙara ko kalma ɗaya, domin rayuwar mutum ce a kan takardar.