Lahadi: zancen 'yar ƙanen Anti

Sanyi ya ɗan sassauta a Bronx ta birnin New York yau, har Auta ya fita islamiyya ba rigima. Waina ta tashi yadda ake so, Baban yara ya ƙara har sau biyu. Ranar ta faro da daɗi.

Bayan la'asar Anti ta shigo da jakar takardunta, wadda kuka sani, mai ruwan ƙasa. Tun daga yadda ta amsa gaisuwa na san akwai magana. Takardun na 'yar ƙanenta marigayi ne, wadda take neman ɗaukowa daga Nijeriya ta riƙe a nan Amurka. Uwar yarinyar za ta yi aure bayan Babbar Sallah.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya sanya alheri."

Ta ce, "Ƙanwata, ba wannan na zo ji ba. In ce mata ta dakata har biza ta fito, ko kuwa a ɗaura shiru kada kowa ya rubuta?"

Tambayar nan ce ta hana ni sukuni har yanzu, domin Anti ba ta yi kuskure ba wajen hango matsala. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗaukar yara riƙo tsakanin ƙasashe, saboda haka mai son ɗauko yaro daga can zuwa Amurka ta hanyar maraici yake bi, wato fom I-600A sannan I-600. Mai nema dole ya zama ɗan ƙasar Amurka, katin zama kaɗai bai isa ba. Idan uba ya rasu uwa tana raye, sai an nuna cewa ba ta da halin riƙon yaron daidai da yanayin rayuwar garinsu, kuma ta sa hannu ta sallama shi har abada. Da zarar ta yi sabon aure, ana iya kallon mijin a matsayin uba na biyu, sharaɗin ya rushe. A wurinmu kuwa mace mai ƙuruciya ta gama takaba ta yi aure, ai abin da ake mata fata ke nan.

Na gaya wa Anti ba zan ba ta shawarar ɓoyewa ba. Kafin biza akwai binciken da ofishin jakadanci a Legas yake yi, wanda ake kira I-604. Ana duba takardun asali, ana iya kiran uwar a yi mata tambayoyi, ana iya tura mutum unguwa ya tambayi maƙwabta, wani lokaci a nemi gwajin jini na DNA. Auren da aka raba goro da alewa ba ya ɓoyuwa. In aka kama ƙarya, ba wannan fayil kaɗai ya mutu ba, duk wata buƙata da za su shigar nan gaba da ido biyu za a dube ta. Dakatar da auren kuma ba hurumin Anti ba ne. Matar nan ta rasa miji, ta yarda za ta rabu da 'yarta, yanzu kuma a ce ta riƙe rayuwarta don jiran da babu mai iya sa masa rana? Raina bai kwanta da wannan ba ko kaɗan.

Ta yi shiru, sai ta buɗe jakar ta zaro takalmin makaranta baƙi, har yanzu da takardar farashi a jikin igiyarsa. Lamba 31. Ta ce a kiran bidiyo na jiya yarinyar ta ce mata yanzu 34 take sawa. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa shafa bakin takalmin da babban yatsa.

Abin da ke cinye mutane a wannan harka shi ne kowace takarda da nata wa'adin, kuma ba sa jiran juna. Sakamakon hoton yatsu wata 15 yake yi ya mutu. Rahoton binciken gida, wanda ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ke zuwa ta duba ɗakuna da albashi da lafiyar ma'aurata, kada ya wuce wata 6 a ranar da aka miƙa shi, kuma in aka sauya gida ko aiki ko wani babba ya tare a gidan, sai an sabunta. Tun 2014 dole a bi ta hannun hukumar da aka tantance, lauyan gida kaɗai bai wadatar ba. Shekarun yaro su ma suna tafiya: dole I-600 ya shiga kafin ya cika 16. Kana jiran kotu a can, yatsu sun mutu a nan. Ka sabunta yatsu, rahoton gida ya tsufa.

Sai matsalarmu ta kullum, rashin takarda a kan lokaci. Marigayin a gida ya cika, aka yi masa sutura kafin azahar, babu wanda ya tuna da takardar shaidar mutuwa. Ta haihuwar yarinyar ma sai da ta shekara bakwai aka karɓo. Irin waɗannan takardu da aka yi daga baya su suka fi jawo wasiƙar neman ƙarin hujja. Abin da ke taimakawa shi ne tsofaffin shaidu: katin awon ciki, katin rigakafi, rajistar firamare, rantsuwar waɗanda suka halarci jana'iza.

Akwai wata ƙofa da na nuna mata, wadda ba ta buƙatar maraici. In kotu ta kammala ba su yarinyar kafin ta kai 16, suka riƙe ta bisa doka shekara biyu, suka kuma zauna gida ɗaya da ita shekara biyu, ana iya nema mata ta fom I-130. Ma'anarsa Anti ta koma gida ta zauna. Ta ce, "Aikin fa? Yaran nan fa?" Ban da amsa.

Ƙofofin ma rufewa suke ta yi. A 2004 yara kusan dubu 23 aka shigo da su Amurka riƙo daga ƙasashen waje, a 2023 ba su kai dubu biyu ba. Habasha ta hana fitar da yara riƙo a 2018, Sin a 2024. Ingila ta sa wa Nijeriya takunkumi a kan wannan tun 2021.

Baban yara ya tsoma baki a kan batun suna, cewa yarinya da sunan ubanta za a kira ta kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab, gado kuma sai dai wasiyya. Anti ta ce wannan tuni sun gama shi da malam.

Wanki bai bushe ba. Auta ya bar littafinsa a masallaci.

Gobe da ƙarfe tara za mu kira lauyar tare. Na ce wa Anti ta fara da faɗin ranar ɗaurin auren ƙarara, sannan ta tambayi yadda dokar jiharsu take kallon mijin uwa, domin a kan wannan hukuncin zai tsaya. Sakamakon hoton yatsunsu kuma a watan gobe zai mutu, dole takardar neman sabuntawa ta fita cikin makon nan.