Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Littafin Garke

A makon jiya na tsaya ne a inda na ajiye aiki na yanke shawarar fara kiwon tumaki, kuma tun da wasu daga cikin dangi suna ba da wannan labari ta wata fuska daban, ya zama dole in faɗi yadda aka yi. Marigayi Baba ya sha gaya mana cewa dabbar da ba ta da shaida ta kowa ce. Da wannan maganar a kunnena na je wurin likitan dabbobi tun kafin in sayi ko tunkiya ɗaya. Yaya Babba, wanda daga baya ya zuba kuɗinsa a harkar, ya ce ɓata lokaci nake yi, wai shi bai taɓa jin inda tunkiya ta yi yawo da takarda ba.

Likitan ya bayyana mini cewa dokar kiwo ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma manufarta ɗaya ce: hukuma ta san inda garke yake, ta san mai shi, ta kuma san inda kowace dabba ta fito da inda aka kai ta. Shi ya sa a wurare da yawa ake yi wa wurin kiwo rajista, ake maƙala lamba a kunnen dabba, ake kuma neman takardar lafiya kafin a yi safararta. Sai bayan shekaru na karanta abin da ya faru a Birtaniya a 2001, lokacin da cutar ƙafa da baki ta bi tumakin da ake ta yawo da su kasuwa zuwa kasuwa, har aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6, kuma daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta lambar da na'ura ke karantawa. Da Baba yana raye da na karanta masa, domin maganarsa ce ta tabbata.

Littafin da na buɗe mai baƙar bango ne, kuma har yau akwai tabon maganin tsutsar ciki a shafinsa na farko. Duk tunkiyar da na saya, sai na buɗe bakinta na dubi haƙoranta don in ƙiyasta shekarunta, sannan in rubuta lambarta, da launinta, da sunan wanda ya sayar mini, in manna rasit a gefe. Sabuwar dabba kuwa ba ta shiga garke sai ta yi mako uku zuwa huɗu a keɓe. Ina rubuta ranar barbara, domin tunkiya tana ɗaukar ciki kusan kwana 147, kuma ta nan nake sanin uban kowane ɗa, kada rago ya koma ya hau 'yarsa. Shafin da na fi kiyayewa shi ne na magani. A jikin kowace kwalba akwai kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar da aka yi wa allura, kuma wanda ya sayar da ita kafin su cika ya ci amanar masu cin naman, ko da hukuma ba ta kama shi ba.

Yaya ya yi ta kirana magatakardan tumaki a gaban yara. Amma a shekarar da annobar PPR, wata cutar tumaki da awaki mai saurin yaɗuwa, ta shigo, tumakin maƙwabta suna majina da zawo suna faɗuwa, littafin ne ya nuna wa jami'ai ranar da aka yi wa nawa rigakafi, wanda kariyarsa ke kaiwa aƙalla shekara uku. Cuta ce da ake wajabta sanar da hukuma idan ta ɓulla, kuma FAO, wato hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da takwararta ta lafiyar dabbobi sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita daga duniya. Ni na kai rahoton, kuma har yanzu akwai waɗanda ba su yafe mini ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo ne ranar da Yaya ya ce zai janye hannunsa, ya kuma yi iƙirarin cewa jar tunkiyar nan mai haihuwar tagwaye da duk zuriyarta nasa ne. Kawu ya zaunar da mu, ya ce mini, “Ɗana, kawo abin da ka rubuta.” Ya bi shafi da yatsa har ya kai kan rasit ɗin da ke nuna cewa na saye ta tun kafin Yaya ya sa ko sisi. Ya dube shi ya tuna masa abin da Baba yake faɗa game da dabbar da ba ta da shaida. Yaya ya kwashi rabonsa daidai yadda yake a rubuce, kuma har ya bar gidan bai ce mini uffan ba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi abin da ya sami tumakin da ya tafi da su.