Markaɗen kayan marmari da kayan lambu: inda na kai a mako na shida

'Yan uwa abokan koyo, assalamu alaikum. Yau mako shida ke nan cif da na fara gwada markaɗen kayan marmari da kayan lambu, wanda wasu ke kira sumuti, kuma na ga ya dace in rubuta muku inda na kai tun kafin lokacin mangwaro ya wuce, domin kusan duk abin da na gane game da wannan haɗi a kan mangwaro na gane shi.

A makon farko na yi kuskuren da nake jin yawancinmu za mu yi, wato na ɗauki aikin kamar haɗa lemon kankana da muka saba yi lokacin azumi. Na yanka kankana da kokwamba, na zuba ruwa kofi biyu da sukari da ƙanƙara, na markaɗa, sannan na tace da rariya. Kafin in gama wanke bilenda, abin da ke cikin jug ya rabu gida biyu: jan ruwa tsararo ya kwanta a ƙasa, kumfa ta taru a sama, kuma idan aka kurɓa ba a jin komai sai sanyi da zaƙin sukari. Da na zauna na yi tunani sai na ga laifin nawa ne tun daga zaɓen kaya, saboda kankana kusan kashi 92 cikin 100 nata ruwa ne, kokwamba kuwa ta kai kashi 95, ga shi na ƙara musu ruwa da ƙanƙara, sannan ɗan naman da zai riƙe haɗin na bar shi a cikin rariya na zubar. Bambancin lemo da markaɗe ke nan. Lemo ana tace shi ne, shi kuwa markaɗe ana shan sa da namansa gaba ɗaya, kuma kaurinsa daga jikin kayan marmarin yake fitowa.

Tun daga ranar na raba kayan da nake saya gida biyu a cikin raina. Akwai masu jiki, su ne mangwaro da ayaba da gwanda nunanniya, waɗanda idan aka markaɗa su suke yin laushi mai riƙe cokali. Akwai kuma masu ruwa, kamar kankana da kokwamba da lemon zaƙi da abarba, waɗanda aikinsu shi ne su sassauta na farkon. Idan masu jiki suka kai rabin abin da ke cikin bilenda, haɗin ba ya saurin rabuwa, kuma sau da yawa ba a bukatar ƙara ruwa ko kaɗan, domin yanka biyu na kankana sun isa su tsaya a madadinsa. Sukari ma na daina sa shi tun mako na biyu. Ayaba ɗaya da bawonta ya fara ɗigon baƙi ta fi cokali biyu na sukari gyara ɗanɗano, idan kuma ta gaza sai in jiƙa dabino biyu a ruwan ɗumi na minti goma, in cire ƙwallon, in jefa a ciki.

Wajen sayayya a nan Kano, na fi zuwa kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa idan ina son mangwaro da abarba da yawa, kayan lambu kuma 'Yankaba. Mangwaro iri biyu na gwada. Ƙaramin nan mai zare, wanda muka taso muna tsotsa har ya maƙale mana a haƙori, ya fi kowane zaƙi da ƙamshi a wurina, amma zarensa yana naɗe wuƙar bilenda, kuma mai sha yana jin sa a maƙogwaro. Babban mai tsoka, wanda ake yanka gefensa biyu a kwashe da cokali, shi ne ya dace da markaɗe. Duk da haka ban bar ƙaramin ba, sai dai nakan matse biyu ta cikin rariya in ɗauki ruwansu mai kauri in ƙara a kan babban, don ƙamshin nan kada ya ɓace. Abu ɗaya da nake dubawa sosai shi ne yadda kayan suka nuna. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kan nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabaid, don haka idan na ga ayaba ta yi rawaya fes bai ɗaya alhali wutsiyarta kore ce shar, ko mangwaro ya yi launi mai kyau amma babu ƙamshi a wajen hancinsa, sai in wuce. Na fi son in sayi wanda bai gama nuna ba, in ajiye shi a kwando tare da ayaba kwana biyu ko uku, ya ƙarasa da kansa.

Mako na uku shi ne wanda ya fi koya mini darasi, kuma zan daɗe a kansa saboda na tabbata wani a cikinku zai faɗa wannan rami. Wata ranar Juma'a muna da baƙi, sai na haɗa abarba da gwanda da kindirmo tun da hantsi, na ɗanɗana na ji daɗinsa ƙwarai, na sa a firij da niyyar fitowa da shi bayan an sauko daga masallaci. Da lokaci ya yi na zuba wa kowa a kofi. Yayata ce ta fara kurɓa, ta ajiye kofin a hankali ta ce, “Ƙanwata, ko dai kin haɗa da ƙwayar gwandar ne?” Na karɓa na ɗanɗana, sai na ji wani ɗaci mai kama bayan harshe, ga kindirmon ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Na san ban bar ko ƙwaya ɗaya ba, kuma kindirmon na safiyar ranar ne.

Daga baya na gano dalilin. A cikin ɗanyar abarba akwai wani sinadari da ake kira buromelin, a cikin gwanda kuma akwai ɗan uwansa mai suna fafen, kuma aikin dukansu biyu shi ne sassara furotin, wato sinadarin gina jiki. Wannan ne ya sa ake tausasa nama mai tauri da gwanda, kuma shi ne ya sa harshe yake yin zafi-zafi idan mutum ya ci abarba da yawa. Idan suka haɗu da madara ko nono ko yogot, sai su shiga sassara furotin ɗin da ke ciki, ƙananan gutsattsarin da ke fitowa daga wannan aiki kuwa ɗaci gare su. Abin ba ya faruwa nan take, shi ya sa na ji daɗin haɗin da safe. Yana bukatar lokaci, kuma sanyin firij yana rage masa gudu ne kawai, ba ya tsayar da shi. Na sake gwadawa da gangan a ƙaramin kofi don in tabbatar, ina ɗanɗanawa lokaci bayan lokaci, na ga cewa a mintunan farko babu matsala, amma kafin awa biyu ɗacin ya fito sarai.

Hanyoyi uku na samu na kauce wa wannan. Ana iya haɗawa a sha nan take ba tare da ajiyewa ba. Ana iya ɗan dafa abarbar na 'yan mintuna a bar ta ta huce, domin zafi yana kashe ƙarfin sinadarin, sai dai ni ban so wannan ba saboda ɗanyen ƙamshin da nake nema yana tafiya. Wadda na fi so ita ce a bar nono gaba ɗaya idan akwai abarba ko gwanda, a yi amfani da ruwan aya. Nakan jiƙa aya kofi ɗaya ta kwana, in markaɗa da ruwa kofi biyu, in tace da kyalle mai tsabta kamar yadda ake yi wa kunun aya, amma ba tare da kayan ƙamshi ba. Wannan farin ruwa yana ba haɗin gardi irin na madara, kuma ban ji ɗaci a cikinsa ba ko da ya jima. Aibinsa ɗaya shi ne saurin lalacewa a lokacin zafi, don haka iya wanda zan yi amfani da shi a ranar nake yi. Kindirmo kuwa na bar shi ga mangwaro da ayaba, inda yake zama lafiya.

Shigar da kayan lambu ta fi ba ni wahala fiye da yadda na zata. Karas na fara da shi, na yanka shi manya-manya na jefa, sai bilendata, wadda ƙarama ce ta gida, ta bar shi tsaki-tsaki kamar an zuba yashi a cikin haɗin. Yanzu nakan kankare shi, in gurza da abin gurza kuɓewa, in fara markaɗa shi shi kaɗai da ruwan aya na kusan minti ɗaya kafin in ƙara sauran kayan. Da mangwaro yake tafiya, domin launinsu ɗaya ne, kuma yara ba sa gane yana ciki. Wani amfanin haɗa shi da aya ko kindirmo shi ne sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, ya fi shiga jiki idan akwai ɗan maiƙo tare da shi. Kokwamba kuwa ba ta da rigima, sai dai a ɗanɗana gefen da ke kusa da reshe kafin a sa, saboda wani lokaci ɗaci yakan taru a nan, kuma guda ɗaya mai ɗaci ta isa ta ɓata jug guda.

Ganye shi ne inda na fi taka-tsantsan. Ɗanyen alayyahu namu ba kamar ganyen da ake gani a bidiyon ƙasashen waje ba ne, yana da gafi da warin ɗanyen ganye, don haka nakan tsoma shi a tafasasshen ruwa na rabin minti, in tsame in sa a ruwan sanyi, in matse, sannan in ɗauki abin da bai wuce cikin tafin hannu ba. Zogale ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ranar da na sa ɗanyen ganyensa cikin hannu guda, babu wanda ya iya shanye kofinsa a gidan, saboda yaji-yajinsa ya danne mangwaro da abarba duka. Rabin ƙaramin cokali na garin busasshen zogale ya ishi kofi biyu. A ganina kayan lambu bai kamata su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin ba, musamman ga wanda yake farawa, domin markaɗen da aka kasa sha ba shi da wani amfani komai yawan ganyen da ke ciki. Kuma tun da ɗanye ake shan yawancinsu, ina wanke su sau biyu, na farko da ruwan gishiri, na biyu da ruwa mai tsabta, kafin wuƙa ta taɓa su.

Batun sanyi ya warware ne da na daina sa ƙanƙara. Ƙanƙara tana narkewa ta tsinka haɗin, wadda ake saya a waje kuma mutum bai ga ruwan da aka yi ta da shi ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in yanka mangwaro da ayaba ƙanana, in shimfiɗa su a faranti ba tare da sun hau juna ba, in sa a firiza har su daskare, sannan in juye a roba mai murfi. Idan aka ɗauke wuta na 'yan awoyi ba na buɗe firizar, sai su riƙe sanyinsu, amma idan suka narke gaba ɗaya ba na sake daskarar da su, a ranar nake markaɗa su. Jerin zubawa ma yana da tasiri: ruwa a ƙasa kusa da wuƙa, sai kayan lambu, sai masu laushi, daskararrun kuma a sama, don nauyinsu ya riƙa tura sauran ƙasa. Da na juya wannan jeri sau ɗaya, wuƙar ta riƙa juyawa a banza har injin ya ɗauki zafi.

Ga haɗin da na tsaya a kansa a wannan mako, wanda yake ba da manyan kofuna biyu: daskararren mangwaro kofi ɗaya da rabi, ayaba ɗaya, abarba rabin kofi, karas matsakaici guda ɗaya gurzajje, rabin kokwamba, ɗanyar citta kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, ruwan aya mililita 250, da ruwan rabin lemon tsami. Lemon tsamin a ƙarshe nake matsa shi, kuma aiki biyu yake yi, yana farfaɗo da ɗanɗanon da zaƙi ya kwantar, yana kuma jinkirta duhun da ayaba ke yi idan iska ta taɓa ta. Idan da gwanda a ciki, shi ne ke kashe warin nan nata da wasu ba sa so. Cittar kuwa, da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ita ce ke sa mutum ya ji sanyin ya sauka har ƙirji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da kayan lambu a kowace rana, kuma kofi ɗaya na wannan haɗi yana rage wa mutum tafiya mai yawa zuwa can. Sai dai mahaifiyarmu tana da ciwon sukari, shi ya sa nata daban nake yi, da kokwamba da gwanda da ɗan mangwaro kaɗan, babu ayaba babu dabino, a ƙaramin kofi, kuma bayan ta tambayi likitanta, domin zaƙin kayan marmari ma sukari ne, kuma abin da aka markaɗa ya fi saurin wucewa a baki fiye da wanda aka tauna.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne gwaiba. Na gwada ta sau biyu, ƙamshinta ya yi mini, amma 'ya'yanta masu tauri ba sa markaɗuwa, sai dai su farfashe su zama kamar tsakuwa a ƙarƙashin haƙori. A mako mai zuwa, in sha Allahu, zan markaɗa ta ita kaɗai da ruwa kaɗan na 'yan daƙiƙoƙi, in tace 'ya'yan tun ba su fashe ba, sannan in gwada ta da farin garin 'ya'yan kuka a madadin lemon tsami, in ga ko tsaminsa da kaurinsa za su riƙe haɗin idan mangwaro ya ƙare a kasuwa.