Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙarar da ba ta shiga sai da izinin kotu

A kashin da ya gabata na tsaya a inda kamfanin inshora ya ƙi biyan diyyar gobarar da ta cinye sitona, bisa hujjar cewa ban sanar da shi an sauya wayoyin lantarkin ginin ba. Mun daɗe muna musayar wasiƙu, suna neman wannan takarda, in kai, su sake neman wata, har haƙurina ya ƙare na umarci lauyana ya shirya ƙara. Takardun suna kan teburinsa, ana jiran sa hannuna kawai, sai labari ya fito cewa babbar kotu ta naɗa wa kamfanin mai riƙon ƙwarya, domin an shigar da buƙatar a rushe shi saboda ana zargin bashin da ke kansa ya fi ƙarfin dukiyarsa.

Da na isa ofishin lauyan, na tarar ya riga ya mayar da takardun ƙarar cikin fayil. Na ce masa, "Barista, ai yanzu ne ma ya kamata mu yi sauri, kafin kuɗin su ƙare." Ya ce, "Alhaji, saurin nan shi ne ainihin abin da doka ta hana." Daga nan ya yi mini bayanin cewa kamfanin bai mutu ba tukuna, kotu ba ta yanke hukuncin rushe shi ba, amma ta karɓe ragama daga hannun daraktoci ta damƙa wa wani ƙwararren akanta, wanda aikinsa shi ne ya tsare kadarori da littattafan kuɗi kada su salwanta kafin a saurari buƙatar. Daga ranar da aka naɗa shi, ba wanda zai fara ƙara a kan kamfanin, ba kuma wanda zai ci gaba da wadda ya riga ya shigar, sai da izinin kotu, bisa sharuɗɗan da ta ga dama. Ya ce tsarin ya samo asali daga dokar Ingila, inda yake rubuce a sashe na 130 na dokar fatarar kamfanoni ta 1986, kuma ƙasashe da yawa da suka gaji shari'ar Ingila suna da irinsa kusan kalma da kalma.

A lokacin na ɗauki wannan a matsayin kariya ga wanda ya ci amana. Hujjar dokar ita ce idan aka bar kowa ya ruga kotu, masu ƙarfin ɗaukar manyan lauyoyi za su kwashe abin da ya rage, ƙaramin mai shago da matar da mijinta ya rasu su tashi a tutar babu, sannan kuɗin da kamfanin zai kashe wajen kare kansa a ɗaruruwan shari'u daga cikin abin da za a raba mana zai fito. Har yau ina ganin hujjar tana da ƙarfi, ko da yake wanda kayansa suka zama toka ba ya jin daɗin a kira shi ɗaya daga cikin masu bin bashi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun lokaci. Doka ta kayyade wa'adin da mutum zai iya kai ƙara a kan karya yarjejeniya, a Ingila shekara 6 ne, kuma musayar wasiƙun nan ta cinye mini kaso mai yawa na wa'adina. Lauyan ya ce da an yanke hukuncin rushewa gaba ɗaya, da an daina ƙirga lokaci a kan haƙƙina, amma riƙon ƙwarya ba ya ba da wannan tabbaci, kuma a kamfanonin inshora yakan ɗauki shekaru.  Ya kawo misalin Independent Insurance, wani kamfanin inshora na Birtaniya, wanda aka naɗa wa masu riƙon ƙwarya a watan Yunin 2001, ya kuma shafe shekaru a hannunsu. Dalilin jinkirin, in ji shi, shi ne bashin kamfanin inshora ba a san iyakarsa nan take ba, domin akwai asarorin da suka riga suka faru amma masu su ba su kawo kuka ba tukuna.

Na tambaye shi ko kotu za ta ba mu izinin. Ya ce tambayar da alƙali zai yi wa kansa ita ce, shin ana iya warware wannan saɓani cikin sauƙi ta hanyar miƙa shaidar bashi ga mai riƙon ƙwarya, ko kuwa sai an kira shaidu an yi musu tambayoyi. Tunda kamfanin ya musanta cewa ina binsa komai, muna da abin faɗa. Sai dai ya gargaɗe ni cewa ko na yi nasara, kusan tabbas izinin zai zo da sharaɗin ba zan taɓa kadarar kamfanin da hukuncin ba. Zan samu takarda mai tabbatar da adadin da nake bi, in koma layi tare da sauran mutane, a biya ni kaso daga cikin ɗari gwargwadon abin da aka tattara, bayan na biya kuɗin shari'a cikakku daga aljihuna. Na ce masa wannan ai kura da shan bugu ne, gardi da kwashe kuɗi, ya yi dariya bai musa ba.

Na kuma kawo maganar manyan kamfanonin da ke yi wa kamfanin namu inshora, domin na ji cewa su ne ke ɗaukar nauyin asara mai girma irin tawa. Amsar ta gajarta: yarjejeniyarsu da kamfanin ce, ba da ni ba, don haka ba ni da hurumin kai su ƙara, kuma abin da za su biya ta hannun mai riƙon ƙwarya zai bi.

A ƙarshe muka tsayar da shawarar ba za mu nemi izinin ƙara nan da nan ba. Lauyan ya rubuta wa mai riƙon ƙwarya yana neman ya sa hannu a yarjejeniyar dakatar da ƙirga wa'adi, tare da sanar da shi cewa idan bai amsa ba cikin lokacin da muka ba shi, za mu garzaya kotu neman izini, ko da don shigar da ƙarar kawai a jingine ta. Muka haɗa masa rahoton masu kashe gobara, rasitan kaya, da ƙiyasin asarar da jami'in kamfanin da kansa ya yi tun farko.

Muna cikin haɗa waɗannan takardu ne lauyan ya ci karo da kwafin wasiƙar da na aika wa dillalin da ya sayar mini da inshorar, wadda a cikinta na ambaci sauya wayoyin lantarkin tun kafin a sabunta yarjejeniyar. Dillalin bai durƙushe ba, ba a kuma buƙatar izinin kowa kafin a kai shi ƙara. Yadda muka kwashe da shi, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.