Abin da na gani a hoton ƙwaƙwalwar ƙanina

Jiya likita ya ɗora hoton ƙwaƙwalwar ƙanina a allon kwamfuta, ya nuna mini wani tabo a sashen gaba, daidai bayan goshi, inda ya bugu a haɗarin da ya yi bara. Tun daga lokacin, yaron da muka sani da haƙuri ya koma mai saurin hasala, yakan kai duka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan nadama ta lulluɓe shi.

Likitan ya bayyana mini cewa can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda ke tayar da tsoro da fushi idan mutum ya hango barazana, kuma sashen gaba ne ke taka masa birki kafin hannu ya motsa. Idan birkin ya raunana, fushi kan riga tunani. A 1997 Adrian Raine da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa binciken da suka yi da na'urar PET, mai ɗaukar hoton yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, a kan mutum 41 da ake tuhuma da kisa, inda suka ga sashen gaba na ƙwaƙwalwarsu yana ƙona sukari ƙasa da na sauran mutane, alamar raguwar aiki.

Duk da haka ban yarda a dubi hoto a yanke wa mutum hukuncin mugunta ba, domin da yawa suna da rauni a wannan wuri amma ba su taɓa cutar da kowa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne watannin da na shafe ina yi masa faɗa, ina ɗaukar lamarin rashin kunya. Mako mai zuwa zai fara ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ni zan raka shi.